FELIX WANKEL (1902–1988): MUTUMIN DA YA ƘAGO INJIN MOTA MARAR FISTO

Duk wanda ya taɓa tsayawa a garaji ya ga makanike ya kwance injin mota, ya san fisto, wato ƙarfen nan mai hawa da sauka cikin raminsa kamar taɓarya cikin turmi. Kusan dukan motoci masu shan mai, manya da ƙanana, da irin wannan inji suke tafiya. Amma an yi wani mutumin Jamus wanda tun yana saurayi ya ƙi yarda da wannan hanya, ya ƙudurta a ransa cewa tun da ƙafar mota juyawa take yi, to, ya kamata abin da ke cikin injin shi ma ya juya, ba sai ya hau ya sauka ba. Sunansa Felix Wankel, mutanen ƙasarsu suna furta shi kamar Bankel. A yau za mu kawo ma masu karatu tarihinsa, da abin da ya yi na kirki da wanda ya yi na assha.

Ƙuruciya da maraici

An haifi Wankel ranar 13 ga watan Agusta 1902 a garin Lahr, cikin jihar Baden, kudu maso yammacin Jamus. Shi kaɗai ne ɗa wurin iyayensa. Mahaifinsa Rudolf ma'aikacin gandun daji ne, ya tafi Yaƙin Duniya na Farko, aka kashe shi cikin 1914. Daga nan uwar ta ɗauki yaron suka koma birnin Heidelberg. Ya yi karatu a makarantu dabam-dabam, amma ya fita cikin 1921 ba tare da ya samu takardar gama sakandare ba, saboda haka ƙofar jami'a ta rufe masa. Sai ya shiga aiki a wani gidan buga littattafai na Heidelberg, inda ya zauna har 1926.

Da rana yana cikin littattafai, da dare yana cikin ƙarafa. Cikin 1924 shi da abokansa suka buɗe ɗan ƙaramin wurin gyara a bayan wani gida, a nan ya fara zane da gwaje-gwaje. Babu malamin da ya koya masa aikin injiniya. Abin da Allah ya ba shi shi ne iya ganin siffar abu a cikin kansa, ya juya shi ta kowane gefe tun kafin a ƙera shi. Cikin 1929 ya samu takardarsa ta farko ta mallakar fasaha.

Tun a waɗannan shekaru ya gane inda gizo yake saƙa. Inji ba ya aiki sai an matse iska da mai a cikin ɗaki rufaffe, sa'an nan buji ya ba da wuta. Idan ɗakin yana yoyo, ƙarfi ya tafi. A injin fisto abin da sauƙi, domin zobba ne ake sa wa fisto su toshe gefensa. Amma yaya za a toshe abin da ke juyawa, mai kusurwoyi? Wankel ya kwashe shekara fiye da 20 yana binciken wannan tambaya guda, har ya zama ba a da kamarsa a Jamus wajen sanin dabarun toshe yoyon iska a inji.

Baƙin tabo

Ba zai yiwu a ba da tarihin wannan mutum a tsallake siyasarsa ba. Tun farkon shekarun 1920 ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitila, wadda ta ginu kan ƙin Yahudawa da raina sauran jinsunan mutane. Kuma bai tsaya ga ɗaukar kati ba: ya kafa ƙungiyoyin samari yana koya masu horon soja, har cikin 1931 aka ba shi shugabancin Samarin Hitila na jihar Baden. Rigima ta haɗa shi da shugaban jam'iyyar na jihar, Robert Wagner, aka kore shi cikin 1932, kuma da ƴan Nazi suka hau mulki cikin 1933 aka jefa shi gidan kaso na Lahr wata shida. Wilhelm Keppler, mai ba Hitila shawara kan tattalin arziki, shi ya sa baki aka sake shi.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ɗauri ya mai da shi abokin gabar mulkin. Faɗan cikin gida ne. Cikin 1936 ya auri Emma Kirn, ya koma garin Lindau a bakin tafkin Konstans, inda gwamnatin ta ba shi kuɗi ya kafa wurin bincike. Cikin 1940 ya shiga rundunar SS da babban muƙami, aka soke sunansa bayan shekara 2. Duk tsawon Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojan sama da na ruwa aiki, yana ƙera abubuwan toshe yoyo da ƙofofin iska masu juyawa na injunan jiragen yaƙi. Da Jamus ta faɗi cikin 1945, sojojin Faransa suka kama shi suka tsare na wasu watanni, suka rufe wurin bincikensa, suka kwashe kayan aikinsa, aka kuma hana shi sana'ar na ɗan lokaci.

Injin ya tashi

Cikin 1951 ya sake kafa wurin aiki a Lindau, ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin NSU na garin Neckarsulm, wanda a lokacin ya yi suna wajen ƙera babura. Cikin 1954 ya samu siffar da ya daɗe yana nema, kuma ranar 1 ga watan Fabrairu 1957 injinsa na farko, mai suna DKM 54, ya tashi a ɗakin gwaji na NSU, ya ba da ƙarfin doki kamar 21. Wankel yana da shekara 54.

Injin nan na farko yana da laushin tafiya ƙwarai, amma ba shi da amfani ga mai mota, domin komi a cikinsa juyawa yake yi, har in ana son canza buji sai an kwance shi gaba ɗaya. Wani injiniyan NSU, Hanns Dieter Paschke, ya sake tsarin a ɓoye ba da sanin Wankel ba, ya tsai da gidan injin wuri ɗaya, ya bar abin ciki kaɗai yana juyawa. Wannan ya tashi cikin 1958. Wankel ya ji haushi, yana ganin an mai da dokinsa na sukuwa dokin noma. Duk da haka tsarin Paschke ne ya shiga motoci, sunan Wankel kuma ya bi shi.

Ga yadda yake aiki. Gidan injin daga ciki yana kama da kwanson gujiya mai ƴaƴa biyu. A cikinsa akwai ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa sun ɗan kumbura. Kusurwoyin uku suna gogar bangon gidan a kowane lokaci, saboda haka suna raba shi ɗaki uku. Yayin da ƙarfen ke zagayawa, kowane ɗaki yana buɗewa ya shaƙi iska da mai, ya tsuke ya matse su, wuta ta kama, sa'an nan hayaƙi ya fita ta wata kafa. In ƙarfen ya zagaya sau 1, sandar injin ta juya sau 3. Babu fisto, babu ƴan ƙofofin nan da makanikai ke kira supap. Injin ƙarami ne, marar nauyi, ba ya jijjiga.

Cikin watan Janairu 1960 aka nuna shi ga injiniyoyi a birnin Munik, duniya ta ɗauka. Kamfanin Curtiss-Wright na Amurka ya riga ya sayi izinin ƙera shi tun 1958, Mazda na Japan ya saya cikin 1961, daga baya Daimler-Benz da General Motors da wasu da yawa suka biyo. Motar farko da aka sayar da wannan inji ita ce NSU Spider, cikin 1964. Cikin 1967 aka fito da Mazda Cosmo, da kuma NSU Ro 80 wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai ta 1968.

Inda ciwon yake

To, a nan ne tsohuwar tambayar Wankel ta dawo. A kan kowace kusurwa ta ƙarfen nan akwai ɗan siririn sili wanda ke gogar bango yana hana iskar wannan ɗaki shiga wancan. Rayuwar injin duka tana rataye a kansa. A motocin Ro 80 na farko silin yana cinyewa da wuri, musamman ga masu gajerar tafiya cikin gari, har injuna da yawa suka mutu kafin kilomita 50.000. NSU ta yi ta canza wa mutane inji kyauta, asusunta ya ƙare, cikin 1969 aka haɗe ta da Auto Union a ƙarƙashin Volkswagen. An gyara ciwon daga baya, amma suna ya riga ya ɓaci. Cikin 1977 aka daina ƙera motar, bayan an yi 37.000 da ƴan kai.

Mafi yawan wahalar da masu irin wannan mota ke sha wajen tashi daga silin take fitowa. Ba ya toshewa da kyau sai da ɗan baƙin mai a jikin bango, shi ya sa aka yi injin yana ƙona baƙin mai kaɗan-kaɗan da gangan, kuma wajibi ne mai shi ya riƙa dubawa yana ƙarawa. Idan aka ta da motar da sanyi, aka gusa ta taki kaɗan aka kashe, man fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man, ya jiƙa buji, matsi ya ɓace. Da an dawo sai injin ya yi ta juyawa da sauri ba ya kamawa. Maganinsa shi ne a tsai da shigar mai a yi ta juya injin har ɗakunan su bushe. A motar Mazda RX-8, taka totur har ƙasa yayin murza makulli yana yanke man. In bai yi ba, a kwance buji a busar da su ko a canza. Rigakafi kuma shi ne kada a kashe injin sai ya yi zafi.

In kuwa motar tana tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi bayan ta yi zafi, wannan alama ce mai nauyi, domin sau da yawa tana nuna silin ya cinye, matsi ya ragu. Ana tabbatarwa da awon matsi, kuma tun da kowane ƙarfe yana da fuska uku, awo uku ake karantawa. Amma kafin a yanke wa inji hukunci, sai a duba batir da abin da ke juya injin, domin wannan inji ba ya kamawa in an juya shi da sanyin jiki. In injin yana tafiya yana tsallake wuta, yana gurgunta, to, a fara da buji da wayoyinsu da bobin. Yawancin injunan Mazda suna da buji 2 ga kowane ƙarfe, kuma ba iri ɗaya ba ne, kowane da raminsa. Barin wannan ciwo yana da tsada, domin man da bai ƙone ba yana bi ta bututun hayaƙi ya lalata matacin da ke cikinsa.

Ƙarshen rayuwa

Aibi na biyu shi ne shan mai. Ɗakin wutar dogo ne siriri, man ba ya ƙonewa sarai. Da farashin man fetur ya tashi a duniya cikin 1973, sai kamfanoni suka ja da baya. General Motors ya ajiye shirinsa cikin 1974. Citroën na Faransa ya yi motar GS Birotor guda 847 kawai, daga baya ya nemi saye su daga hannun masu su. Mazda kuwa ya daure, a ƙarƙashin injiniya Kenichi Yamamoto wanda ya daɗe yana fama da matsalar silin. Ya fito da RX-7 cikin 1978, motarsa 787B ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa cikin 1991, ya yi RX-8 daga 2003 zuwa 2012, sa'an nan cikin 2023 ya sake sa injin a motar MX-30, inda aikinsa shi ne samar da wutar lantarki.

Shi Wankel guguwar ba ta same shi ba, domin tun 1971 ya sayar da haƙƙinsa ga kamfanin Lonrho na Ingila, rabonsa mark miliyan 50. Cikin 1969 babbar makarantar fasaha ta Munik ta ba shi digirin dokta na girmamawa, shi da bai gama sakandare ba. Ya koma ƙera jiragen ruwa masu gudu a tafkin Konstans, ya kuma kafa kyauta cikin 1972 don binciken da zai rage wahalar da dabbobi a ɗakunan gwaji. Abin mamaki, bai taɓa samun takardar izinin tuƙi ba saboda raunin idonsa. Yana da Ro 80 tasa, amma direba ke jan sa. Matarsa ta rasu cikin 1975, ba su haihu ba. Ya rasu a Heidelberg ranar 9 ga watan Oktoba 1988, yana da shekara 86.

Wanda ya fara karatu da girma zai samu ƙarfin gwiwa cikin labarin maraya marar takardar shaida, wanda ya riƙe tambaya guda shekara fiye da 30 har ya ga injinsa ya tashi. Amma wannan mutumin ne kuma ya ba da ƙuruciyarsa da basirarsa ga mulkin da ya hallaka miliyoyin bayin Allah, kuma girmamawar da aka yi masa daga baya ba ta goge wannan ba. Allah ya sa iliminmu ya zama mai amfani ga jama'a, amin.