Isaac Newton: Yaron da Ya Kasa Kiwo, Ya Gano Abin da Ke Riƙe da Wata

Duk wanda ya yi ƙananan azuzuwan sakandare zai tuna darasin nan da ake raba ƙarfi gida biyu. Akwai wanda sai an taɓa abu yake aiki, kamar tura baro, jan guga daga rijiya, ko gogayyar birki da tayar keke. Akwai kuma mai aiki daga nesa, kamar yadda maganaɗisu ke fizgo allura, ko yadda ƙasa ke jawo mangwaro daga reshe. To, mutumin da ya kafa harsashin wannan darasi, saura ƙiris a hana shi gama makaranta.

An haifi Isaac Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke Ingila ran 25 ga Disamba, 1642, bisa kalandar da ƙasar ke bi a lokacin. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu wata uku kafin haihuwarsa. Yana ɗan shekara uku uwarsa ta sake aure, ta bar shi hannun kakarsa. Da ya kai shekara 12 aka sa shi makaranta a garin Grantham.

A 1659 uwar ta cire shi don ya kula da gona. Amma ina! Tumaki na ɓarna, shi yana can gefe da littafi. Hedimastansa, Henry Stokes, da wani kawunsa, su suka dage har ta yarda ya koma aji. A 1661 ya shiga Jami'ar Kambirij, inda yake yi wa masu hali hidima don ya rage kuɗin karatu.

Da annoba ta ɓarke a 1665 aka rufe jami'ar, ya koma ƙauye kusan shekara biyu. A nan ne, kamar yadda ya riƙa ba da labari da ya tsufa, ya ga tuffa ta faɗo daga bishiya. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne: tunda jan ƙasa ya kai ƙololuwar bishiya ba tare da igiya ba, me zai hana ya kai ga wata? Nisan wata daga tsakiyar duniya ya ninka namu sau 60. Lissafinsa ya nuna jan zai ragu sau 60 sau 60, watau sau 3,600, kuma wannan ragowar ce ke hana wata ficewa daga hanyarsa.

Ya daɗe bai buga wannan aiki ba, sai da masanin taurari Edmond Halley ya ziyarce shi a 1684 ya matsa masa. A 1687 littafinsa Principia ya fito da harshen Latin, Halley ne ya biya kuɗin ɗab'i daga aljihunsa. A ciki ya kawo dokoki uku. Abu ba ya sake halin da yake ciki, na tsayuwa ko na tafiya, sai ƙarfi ya sa shi, shi ya sa ƙwallo ba ta tsayawa sai don gogayyarta da ƙasa da iska. Ƙarfi ɗaya ya fi saurin zaburar da abu marar nauyi a kan mai nauyi. Sannan in ka tura bango, shi ma yana tura ka daidai wa daida. Ya kuma nuna kowane abu yana jan ɗan'uwansa, ko da sarari ne tsakaninsu.

A nan gardama ta tashi. Manyan masana irin su Leibniz na Jamus da Huygens na Holan suka ga jan da ba taɓawa ya yi kama da siddabaru. Newton bai ɓoye ba cewa bai gano musabbabin jan ba, yadda yake aiki kawai ya auna. Amma lissafin bai ba da kunya ba. Da shi Halley ya yi hasashen dawowar wani tauraro mai wutsiya, aka kuwa gan shi a ƙarshen 1758. Sabon bayani kan asalin jan bai samu ba sai 1915, daga hannun Albert Einstein.

A 1696 Newton ya koma Landan ya kama aikin gwamnati a ma'aikatar buga kuɗi, ya zama shugabanta a 1699. Bai ɗauki muƙamin a matsayin wurin hutawa ba, da kansa yake bin sawun masu buga jabu yana gurfanar da su. Sarauniya Anne ta ba shi lambar girma ta Sir a 1705. Ya rasu a watan Maris na 1727 yana da shekara 84, bai taɓa aure ba, aka binne shi a Westminster, makwancin sarakunan Ingila.

Kowane ɗalibi ya san sunan Newton, kaɗan ne suka san na Stokes. Alhali da hedimastan nan ya yi shiru a 1659, da wataƙila abin da za a samu bai wuce wani manomi da bai iya kiwo ba.