Nana Asma'u, Uwar Ƴan Taru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba, da alayensa da sahabbansa.

Ƴan'uwa, an haifi Nana Asma'u, Allah Ya ƙara mata yarda, a Ɗegel a shekarar 1793, tagwaye ita da Hassan. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shehin Ƙadiriyya, a Maratta aka haife shi, kusa da Galmi a jihar Tawa ta yau, don haka ba baƙuwarmu ba ce. Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da yaƙi da idonta. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Babban aikinta shi ne Ƴan Taru. Yaƙi ya bar mata da yawa a ƙauyuka, wasu kamammu ne, ba su san ko farillan alwala ba, kuma bori suka tashi suka tarar. Matar aure mai goyo ba ta iya barin ɗakinta ta tafi Sakkwato neman karatu. Sai Nana ta zaɓi dattijan mata amintattu, ana kiran kowacce jaji, su zo gidanta tare da ƴan mata ƙanana, su haddace waƙoƙinta na tauhidi da tsarki da tarihin Manzon Allah (SAW), su koma su karantar a tsakar gida. Jaji kuwa malfa ake ɗora mata, a naɗe da jan rawani. Mutanen Tsibiri sun san wannan malfa, irin ta Innar Gobir ce, uwar ƴan bori. Nana ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta mai da ita ta malanta. A ganina babu hikimar da ta kai wannan cikin rayuwarta.

Yau a jami'o'i, har Amurka, ana karanta ta a fannin nazarin jinsi da rayuwar mata, musamman tun da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta suka buga da Turanci a 1997. Sun yi aiki, a gode musu. Sai dai a aji wani lokaci ɗalibai kan kawo ta a matsayin ƴar gwagwarmayar ƴancin mata kawai, su tsallake zikiri da zuhudu. Alhali a waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, waliyyai irin su Rabi'atul Adawiyya da Sayyida Nafisa ta jero, ta haɗa da malamai mata na zamaninta. Mu ma a zawiyoyinmu akwai mai yabon Nana da baki, ya koma gida ya cire ɗiyarsa daga makaranta.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru. Allah Ya ba mu albarkacinsu, amin.