Hajiya Gambo Sawaba: Shekara 26 tana neman ƙuri'ar da aka hana ta jefawa

A zaɓen tarayya na shekarar 1959, wanda ya share fagen samun 'yancin kan Najeriya, matan Gabas da na Yamma sun bi layi sun jefa ƙuri'a. A Jihar Arewa kuwa doka ta keɓe wannan dama ga maza kaɗai. Daga cikin matan da aka bari a gefe har da wata 'yar Sabon Garin Zariya mai shekara 26, wadda ta riga ta san ɗakin kurkuku saboda siyasar da ba ta da ikon zaɓen kowa a cikinta. Ita ce Hajiya Gambo Sawaba.

An haife ta a ranar 15 ga Fabrairun 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu. Ana kiranta Gambo ne domin ita ke bin tagwaye. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Zariya, mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. Ta soma karatu a makarantar firamare ta Tudun Wada, amma maraici ya katse shi: uba ya rasu a 1943, uwa ta bi shi bayan shekara uku. Tana da shekara 13 aka aurar da ita ga wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya tafi ya bar ta da juna biyu. Don haka, lokacin da ta tashi yaƙi da auren wuri da cire 'ya'ya mata daga makaranta, ba labari aka ba ta ba. Ciwon da ya ci jikinta take faɗi.

A watan Agustan 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Gambo ta shige ta tana da shekara 17, kuma ba da jimawa ba aka zaɓe ta shugabar mata ta reshen Sabon Gari. Kalmar sawaba, wato samun sauƙi bayan wuya, ita ce taken jam'iyyar, ta kuma bi ta har ta shafe sunanta na yanka. Ta yi tattaki zuwa Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta jagoranci matan kasuwa suka yi bore kan harajin da aka ɗora musu, ta ga yadda ake haɗa kan mata su zama murya ɗaya.

Buƙatunta a fili suke: a ba mata ƙuri'a, a sa yarinya a makaranta, a ɗauki mace aiki, a daina aikin tilas da harajin zalunci. A ganinta duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Yarinyar da aka cire daga aji ba za ta zama malama ko ma'aikaciyar jinya ba, macen da ba ta da ƙuri'a kuwa babu ɗan majalisar da zai ji tsoron ɓata mata rai.

A wancan zamani kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna hannun En'e, En'e kuwa tana tare da jam'iyyar NPC mai mulki. Da Gambo ta isa Kano a farkon shekarun 1950, sai ta riƙa shiga gida-gida tana zantawa da matan kulle, inda namiji ɗan siyasa ba ya iya takawa. Aka gurfanar da ita, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. Masu rubuta tarihinta sun ƙidaya ɗauri 16 a tsawon rayuwarta, ban da dukan da ta sha a hannun 'yan bangar siyasa. Duk da haka, ko yaushe aka sallame ta, wurin taro take komawa.

Sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta shirya, matan Arewa suka sami damar jefa ƙuri'a, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da ita. A lokacin Gambo ta haura shekara 40. A Jamhuriya ta Biyu ta riƙe muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim. Ba ta tara abin duniya ba. Gidanta na Zariya ya kasance matattarar marayu da marasa galihu har Allah ya yi mata rasuwa a watan Oktoban 2001. Yau akwai babban asibiti a Zariya da ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero da ke ɗauke da sunanta.

Ana ganin amfanin wahalarta a jiharta ta haihuwa. A 2019 masu zaɓe a Kaduna, maza da mata, suka ɗora Dakta Hadiza Balarabe, likita 'yar ƙaramar hukumar Sanga mai hedikwata a Gwantu, a kujerar mataimakiyar gwamna, mace ta farko da ta hau kujerar ta hanyar zaɓe. Sai dai da sauran rina a kaba. A watan Maris na 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru a majalisa. Ƙuri'ar da Gambo ta sha ɗauri a kanta ta shiga hannun mata, amma makaranta da aiki da kujerar yanke shawara, waɗanda ta nema tare da ita, har yanzu ba su wadatu ba.