Mary Ritter Beard: Matar da ta tsara darasin nazarin mata tun jami'o'i ba su shirya ba

A shekarar 1970 aka buɗe cikakken shirin nazarin mata na farko a Amurka, a kwalejin jiha da ke San Diego. Lokacin Mary Ritter Beard ta yi shekara 12 da rasuwa, kuma tsarin darasin da ta rubuta domin irin wannan karatu ya shekara 36 a ajiye.

An haife ta a birnin Indianapolis a 1876. Ta kammala Jami'ar DePauw a 1897, ta auri masanin tarihi Charles Beard a 1900, suka zauna Ingila na ɗan lokaci, inda ta ga halin da ma'aikatan masana'antu ke ciki. Bayan komawarsu gida ta tsunduma cikin fafutukar nema wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Tare suka rubuta babban littafinsu na tarihin Amurka da ya fito a 1927, amma masu sharhi da dama suka jingina aikin ga mijin kusan shi kaɗai.

Ba ƙorafi ta sa a gaba ba. Matsayarta ita ce mata ba su taɓa zama 'yan kallo a tarihi ba. Sun yi noma da kasuwanci da mulki da ilimi, marubuta ne suka tsallake su. Wannan ya haɗa ta da wasu 'yan gwagwarmaya da ke ganin tarihin mata zalunci ne zalla, ra'ayin da ta ƙalubalanta a littafinta na 1946, Woman as Force in History. A 1934 ta shirya wa Ƙungiyar Matan Jami'a ta Amurka tsarin darasi da ya haɗa tarihi da tattalin arziki da siyasa. Jami'o'i ba su rungume shi ba.

A 1935 ta jagoranci kafa cibiyar tattara takardun mata ta duniya a New York, bisa shawarar Rosika Schwimmer, domin ta san malami ba zai koyar da abin da ba shi da hujjarsa a rubuce ba. Ƙarancin kuɗi da saɓanin cikin gida da ɓarkewar yaƙi suka durƙusar da cibiyar a 1940. Wasu takardun sun koma kwalejojin Radcliffe da Smith, waɗanda taskokinsu ke cikin manyan madogarar masu bincike a yau.

Abin da ya fi tona yadda ake ture mata shi ne aikinta da Encyclopaedia Britannica. Editan kundin da kansa ya nemi ta duba yadda suke bayani a kan mata. Ita da mataimakanta uku suka miƙa rahoto a 1942, suka zayyana giɓi iri-iri, har da rashin maƙala a kan sarauniya alhali akwai ta sarki. An karɓa, an yi alkawari, ba a aiwatar da abin kirki ba. Daga baya ta daina ba mata shawarar yi wa kundin rubutu.

Ta rasu a Phoenix a 1958. Abin mamaki, matar da ta yi shekaru tana roƙon mata su adana takardunsu, ita da mijinta sun lalata mafi yawan nasu. Sai da masaniyar tarihi Nancy Cott ta bi taskokin mutanen da Mary ta riƙa aika wa wasiƙu, kafin ta iya wallafa su a 1991.