Janis Joplin: Mawaƙiyar da Dubbai Suka So

Gabatarwa

A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wata mawaƙiya Ba'amurkiya mai suna Janis Joplin. Ta rasu fiye da shekara 50 da suka wuce, kuma shahararta ba ta wuce shekara huɗu ba tana raye. Duk da haka, in ana lissafin matan da suka yi fice a kiɗan rok, da wuya a tsallake sunanta. Abin da ya fi jan hankalina a rayuwarta shi ne irin ƙaunar da masoya suka nuna mata, da abin da ƙaunar ta iya yi mata, da wanda ta kasa.

Haihuwa da Tasowa

An haifi Janis ranar 19 ga Janairu, 1943 a Port Arthur, wani garin matatun mai a jihar Teksas. Mahaifinta injiniya ne a kamfanin Texaco, ita ce kuma babba cikin 'ya'ya uku. A makarantar sakandare ba ta ji daɗi ba. Ta yi ƙiba, ƙuraje suka ɓata mata fuska, ga shi ba ta yarda da wariyar launin fata da ake yi a yankinsu ba. Saboda haka 'yan ajinsu suka sa ta a gaba da tsokana da sunayen banza. A wannan lokaci ne ta soma sauraron faya-fayen mawaƙa baƙar fata irin su Bessie Smith da Odetta da Lead Belly, tana kwaikwayon muryoyinsu. Ke nan kafin ta sami masoya, ita kanta masoyiyar wasu ce.

A 1962 ta shiga Jami'ar Teksas da ke Austin. A can ma ba ta tsira ba, domin wasu ɗalibai sun sa sunanta a gasar zaɓen namijin da ya fi kowa muni a jami'ar. A farkon 1963 ta tafi San Faransisko. Can ta faɗa shan ƙwaya har ta rame ƙwarai, abokanta suka haɗa mata kuɗin mota ta koma gida a 1965.

Shahara

A watan Yuni na 1966 ta koma San Faransisko ta shiga ƙungiyar makaɗa mai suna Big Brother and the Holding Company. Shekara guda bayan haka, a watan Yuni na 1967, aka yi babban bikin kiɗa a Monterey da ke Kalifoniya. Nan ta rera Ball and Chain, waƙar Big Mama Thornton. Masu ɗaukar fim ba su ɗauki wasanta na farko ba, sai da aka sake ba ta fili washegari. A cikin fim ɗin ana ganin Cass Elliot, wadda ita ma shahararriyar mawaƙiya ce, tana zaune cikin 'yan kallo baki buɗe don mamaki. Daga nan sunan Janis ya bazu. Faifansu Cheap Thrills da ya fito a 1968 ya yi mako takwas yana kan gaba a jerin faya-fayen da aka fi saye a Amurka. A ƙarshen shekarar ta bar ƙungiyar ta kafa tata, kuma a watan Agusta na 1969 ta yi wasa a bikin Woodstock da ya tara mutum wajen 400,000.

Ƙaunar Masoya

Me ya sa mutane suka so ta haka? A wancan zamani an saba ganin mawaƙiya farar fata ta tsaya tsaf, gashi a gyare, murya mai laushi. Janis kuwa takan fito gashi a barbaje, hannu cike da awarwaro, wuya cike da tsakiya, tana buga ƙafa, tana waƙa da shaƙaƙƙiyar murya har zufa ta jiƙa ta. A ganina, 'yan matan da aka raina saboda kamanninsu sun hango kansu a jikinta: ga wadda aka yi wa dariya a makaranta, yau dubbai na yi mata tafi. Samari kuma sun ga mace tana jan ragamar kiɗan da aka ɗauka na maza ne.

Ƙaunar ba ta tsaya a tafi ba. Tana da mota ƙirar Porsche da aka yi wa zane mai launuka barkatai, kowa ya san ta a San Faransisko. In ta ajiye ta, sai ta dawo ta tarar masoya sun maƙala mata wasiƙu a jikin gilashi. Ita ma ba ta son a raba ta da jama'a. A 1969, a birnin Frankfurt na Jamus, ta gayyaci 'yan kallo su hau dandamali su yi rawa tare da ita. A watan Nuwamba na shekarar, a garin Tampa, 'yan sanda suka nemi jama'a su koma kujerunsu, ita kuwa ta zage su ta lasifika. Aka kama ta, daga baya aka ci ta tarar dala 200.

Amma akwai wani ɓangare mai duhu. Masoya sun so ta da kwalbar giyar Southern Comfort a hannu, har kamfanin ya ba ta kyautar rigar gashi mai tsada saboda tallar da ta jawo masa. Abin da ke cutar da ita ya zama wani yanki na wasan da ake biyan kuɗi a kalla. Ba na cewa masoya ne suka koya mata shaye-shaye, domin ta fara tun ba a san ta ba. Sai dai mai tafi a fili in an tashi gida yake komawa, ita kuma ta koma ɗakin otal ita kaɗai da allurar hiroyin.

Shekarar Ƙarshe

Abubuwa biyu da suka faru a watan Agusta na 1970 sun fi komai taɓa ni. Na farko, Bessie Smith ta rasu tun 1937, kuma kabarinta da ke kusa da Philadelphia ya shekara 33 ba ko alama. Janis ta haɗa kuɗi da wata mata mai suna Juanita Green aka kafa dutse mai ɗauke da sunan marigayiyar. Na biyu, ta je Port Arthur taron cika shekara goma na 'yan ajinsu. Ta iso da ado da 'yan rakiya, 'yan jarida na biye da ita. Amma da aka soma yi mata tambaya a kan zamanta na makaranta, wanda ya kalli fim ɗin hirar zai ga yadda murmushinta ya dushe. Ni dai abin da na fahimta shi ne, yabon baƙi dubu bai goge rainin mutanen gida ba.

Ta yi wasanta na ƙarshe ranar 12 ga Agusta a filin wasa na Jami'ar Harvard. Ranar 4 ga Oktoba, 1970 aka tsinci gawarta a ɗakinta na otal a Los Angeles, inda take ɗaukar sabon faifai. Hiroyin ce ta yi mata yawa. Shekararta 27, kuma kwana 16 ke nan da rasuwar Jimi Hendrix, wanda shi ma ya mutu yana da 27. An ƙone gawarta aka watsa tokar a tekun Fasifik. A wasiyyarta ta bar dala 2,500 don abokanta su yi liyafa.

Bayan Rasuwarta

Faifanta Pearl ya fito a watan Janairu na 1971, ya yi mako tara yana kan gaba. Waƙar Me and Bobby McGee da ke cikinsa ita ce kaɗai waƙarta da ta zo ta ɗaya a Amurka, ba ta kuwa ga wannan rana ba. A 1988 garin Port Arthur ya kafa mutum-mutuminta, dubban mutane suka halarci bikin. A 1995 aka shigar da ita zauren girmama gwanayen kiɗan rok, a 2014 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki mai hotonta. Motar nan da ake maƙala wa wasiƙu an yi gwanjonta a 2015 a kan dala miliyan 1.76.

Kammalawa

Mai karatu, kowannenmu yana da mawaƙin da yake so. Tarihin Janis ya nuna mini ƙauna iri biyu. Akwai ta wanda ke murna in ya ga gwanarsa da kwalba a hannu, don wasan ya ƙara armashi. Akwai kuma irin wadda ita ta nuna wa Bessie Smith: ta saurare ta da kyau, ta koya daga gare ta, ba ta ɓoye wa kowa inda ta samo salonta ba, sannan ta kashe kuɗinta don kada kabarin matar ya ɓace. Ta biyun ce nake ganin ta dace da mu ɗaliban harshe, waɗanda aikinmu shi ne adana abin da magabata suka faɗa da abin da suka rera.