Waiwaye adon tafiya: William Bryan, gwanin baki da ya ci shari'a a kotu ya sha kaye a bainar jama'a

Shi dai William Jennings Bryan an haife shi ne ranar 19 ga watan Maris na shekarar 1860 a garin Salem da ke jihar Ilinoyi ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa alƙali ne, gidansu kuma gida ne na riƙo da addinin Kirista, don haka yaro ya tashi da karatun Baibul, bai san giya ba bai san taba ba. Ya yi karatun lauya a birnin Shikago, ya auri Mary Baird a 1884, sannan a 1887 ya yi ƙaura zuwa jihar Nebaraska, ƙasar manoman masara da alkama, waɗanda suka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai a 1890.

Abin da ya fito da sunansa kuwa maganar kuɗi ce, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa cin bashi zai gane ta. A wancan zamani kuɗin Amurka a ɗaure suke da zinariya, gwamnati ba ta ƙara yawansu sai gwargwadon zinariyar da ke taskarta. Kuɗi suka yi wuyar samu, farashin amfanin gona ya yi ta faɗuwa, har ta kai manomin da ya ci bashin banki sai ya sayar da buhunan da suka fi na ranar da ya ci bashin yawa kafin ya iya biya. Bryan ya ce a riƙa buga kuɗi da azurfa ma, awo 16 na azurfa a matsayin awo 1 na zinariya, domin kuɗi su wadata, talaka ya numfasa. Jawabin da ya yi kan haka a babban taron jam'iyyar Demokarat a Shikago cikin 1896 ya girgiza zauren, washegari aka tsayar da shi takarar shugaban ƙasa yana ɗan shekara 36.

Ya shiga jirgin ƙasa ya yi ta zagaya garuruwa yana ɗaruruwan jawabai, ba lasifika, muryarsa kawai, alhali abokin takararsa William McKinley yana zaune gida attajirai suna zuba masa kuɗi. Allah bai nufa ba, Bryan ya faɗi. Ya sake tsayawa a 1900 da 1908, nan ma bai kai labari ba. A takarar 1908 har ɗaukar muryarsa aka yi a na'urar garmaho ta kamfanin Edison ana sayarwa, wanda bai taɓa ganinsa ba ya ji shi a ɗakinsa. A 1913 shugaba Woodrow Wilson ya naɗa shi ministan harkokin waje, amma ya ajiye aikin a 1915 bayan Jamusawa sun nutsar da jirgin ruwan Lusitania, saboda yana ganin shugaban na jan ƙasar zuwa yaƙi. Ya mara wa ƴancin mata na jefa ƙuri'a baya, haka ma haramta giya. Sai dai gaskiya ɗaya ce, wannan mutum da ake wa kirari da gatan talakawa bai tsaya wa baƙar fatar Amurka ba, a 1924 ma shi ne ya roƙi jam'iyyarsa kada ta ambaci sunan ƙungiyar Ku Klux Klan wajen yin Allah wadai.

Bayan yaƙin duniya na farko sai ya juya kan wani fagen daban, wato karatun Charles Darwin, masanin nan na Ingila da ya wallafa littafinsa a 1859. Abin da Darwin ya kawo shi ne halittu suna rikiɗa sannu a hankali cikin dogon zamani, waɗanda suka fi dacewa da muhallinsu su ne ke wanzuwa su hayayyafa, kuma mutum da biri asalinsu ya haɗu can baya. Masana kimiyyar halittu a kan wannan suke har gobe. Bryan ya ƙi shi saboda addini, amma akwai wani dalilin. Ya karanta rahoton wani masani Ba'amurke, Vernon Kellogg, wanda ya zauna da hafsoshin Jamus lokacin yaƙi ya ji suna kafa hujja da Darwin cewa mai ƙarfi ne ya cancanci rayuwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana faɗa da masu banki, sai ya ga kamar an ba kura lasisin cin akuya. Hujjarsa ta biyu ita ce iyayen da ke biyan haraji, ana biyan malami da kuɗinsu, su ke da ikon faɗin abin da za a koya wa ƴaƴansu.

A watan Maris na 1925 jihar Tenesi ta kafa dokar hana koyar da cewa mutum ya samo asali daga dabba a makarantun gwamnati. Wata ƙungiyar kare ƴancin jama'a da ake kira ACLU ta yi shela a jarida cewa za ta tsaya wa duk malamin da ya yarda a gwada dokar a kansa. A nan ne ƴan kasuwar wani ɗan gari mai suna Dayton suka hango ciniki. Suka taru a wani kantin magani, suka lallashi wani matashin malami ɗan shekara 24, John Scopes, ya yarda a kai shi ƙara, don garinsu ya yi suna, baƙi su cika masauki. Shi kansa Scopes bai ma tabbata ya taɓa koyar da darasin ba. Littafin da ake taƙaddama a kai kuwa, jihar ce da kanta ta amince da shi, kuma a ciki an jera jinsunan mutane an ɗora Turawa a sama, abin da babu wanda ya tayar da shi a kotun.

Aka fara shari'a ranar 10 ga Yuli. Bryan ya zo ɓangaren masu ƙara, shahararren lauya Clarence Darrow, wanda bai damu da addini ba, ya zo kare Scopes. Gari ya cika da ƴan jarida da masu wa'azi da masu tallar abin sha, har da masu wasa da biri. Gidan rediyon WGN na Shikago ya ja waya har cikin kotu, kuma wannan ce shari'a ta farko da aka watsa kai tsaye a rediyo a Amurka.

Alƙali John Raulston ya hana masana kimiyya ba da shaida. Ganin haka, ranar 20 ga wata, da aka fito da zaman kotu tsakar fili saboda zafi da cunkoso, sai Darrow ya kira Bryan kansa ya zo ya ba da shaida a matsayin masanin Baibul. Abokan aikinsa suka ce kada ya yarda, ya yarda. Kusan awa 2 Darrow yana yi masa ruwan tambayoyi, kan kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, da inda Ƙabila ya samo matarsa, da shekarun duniya. Dattijon ya yi ta gumi, ya nuna bai taɓa bincika yawancin waɗannan abubuwa ba, har ya amsa cewa mai yiwuwa kwanaki 6 na halitta ba kwanaki ne masu awa 24 ba, maganar da ta ɓata wa wasu magoya bayansa rai. Wanda aikinsa magana ne ya san tsara jawabi daban, amsa tambaya daban, kuma Bryan gwanin na farko ne.

Washegari alƙali ya soke wannan shaida. Darrow ya roƙi masu taya alƙali yanke hukunci su sami Scopes da laifi don a ɗaukaka ƙara, ya kuma ƙi yin jawabin rufewa, abin da ya hana Bryan karanta dogon jawabin da ya daɗe yana shiryawa. Cikin minti 9 aka gama, aka ci Scopes tarar dala 100, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ba. Bryan da kansa ya ce zai biya masa.

Kwana 5 bayan haka, ranar Lahadi 26 ga Yuli 1925, ya ci abincin rana ya kwanta barci a nan Dayton bai farka ba. Yana da shekara 65, da ma yana fama da ciwon sukari. An binne shi a maƙabartar Arlington. Jaridun manyan birane suka ci gaba da yi masa ba'a, amma a karkara mawaƙa irin su Vernon Dalhart suka buga fayafayan garmaho na yabonsa.

A 1927 babbar kotun Tenesi ta soke tarar, don alƙali ne ya yanke ta ba masu taya shi ba, amma ta bar dokar, wadda sai a 1967 aka janye ta. A 1968 kotun ƙolin Amurka ta haramta irin waɗannan dokoki, a 1987 kuma ta hana tilasta koyar da labarin halitta na addini a ajin kimiyya, sannan a 2005 wata kotu a jihar Pensilbaniya ta sake yanke hukunci makamancin haka. A garin Dayton kuwa, tun 1930 aka buɗe kwaleji da sunan Bryan.