Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Rancen Layin Dogon Barno

An haifi marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a ƙasar Bauchi a shekarar 1912. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya dawo gida ya kama aikin malanta a Midil ta Bauchi, sa'an nan a 1945 aka tura shi Ingila ƙarin ilmi. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Ikko, daga baya na Sufuri, kuma a 1957 ya zama Firayim Minista.

Mutumin da ya tashi a Lardin Bauchi ba sai an gaya masa wahalar rashin hanya ba. Manomi ya noma gyaɗa da auduga, amma kafin kaya su kai tashar jirgin ƙasa kuɗin dako ya cinye riba. Don haka ya dage a kan a ja layin dogo zuwa Barno. A 1958 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, wanda shi ne na farko da ya ba Nijeriya. Aka ja layi daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, tafiyar kimanin mil 400.

To, amma layin bai bi ta Misau ko Azare ba, mutanen can suka ci gaba da dogara ga manyan motoci. Ko inda jirgin ya bi ma, talaka bai ga amfanin yadda ya kamata ba, domin Hukumar Ciniki ce ke yanka farashin gyaɗa, ta saya da araha, ta riƙe rarar. Banki ya auna nauyin kayan da jirgi zai ɗauka, bai auna abin da zai shiga aljihun mai noman ba. Sai a 1975 Bankin ya juya ga ƙaramin manomi a shirin noma na Gombe, da taki da iri da hanyoyin karkara.

A 1964 gwamnatinsa ta kafa Bankin Raya Masana'antu, ta kuma samo rancen gina madatsar ruwa ta Kainji. Bai ga ƙarshen wannan aiki ba. Sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966, aka binne shi a Bauchi, aka gama Kainji a 1968. Allah ya jiƙansa.